Joe Sacco: ɗan jaridar da ke kawo rahoto bayan shekara shida

Shafi biyu cikin kwana biyar. Iyakar saurin Joe Sacco, ɗan jaridar da ke ba da rahoto da zanen hannu, ke nan idan ya zauna a teburin zanensa a birnin Portland na jihar Oregon a Amurka, kamar yadda ya sha faɗa wa masu hira da shi. Wata guda ba ya ba shi fiye da shafi goma zuwa goma sha biyu. Littafinsa a kan Zirin Gaza, Footnotes in Gaza, ya kai shafi kusan 400. Ya gama tattara bayanansa a 2003, amma littafin bai shiga kasuwa ba sai 2009. A sana'ar da kowa ke rige-rigen fitar da labari, shi da zuwa a makare ya yi suna. Ba a gane yadda hakan ya yiwu sai an san irin kasuwar da ya taso a cikinta, da kuma abin da zane ke ɗora wa mai rahoto wanda rubutu zalla ba ya ɗora masa.

Kasuwar da ya taso a ciki

Labarin zane a Amurka, wato mujallar da ke ba da labari da hotunan hannu a jere cikin akwatuna, ya daɗe yana tafiya a tsarin masana'anta. A manyan kamfanoni irin su Marvel da DC, wani ke rubuta labari, wani ya zana da fensir, wani ya bi da tawada, wani ya rubuta maganganun, wani ya sa launi. Kowane wata dole a fitar da shafi ashirin da 'yan kai. Ana biyan mai zane a kan kowane shafi, ya karɓi kuɗinsa ya ƙara gaba, jarumin da ya ƙirƙiro kuwa ya zama na kamfani. Tun 1954 kuma, bayan wani kwamitin majalisar dattawan ƙasar ya saurari ƙorafin cewa mujallun na ɓata tarbiyyar yara, kamfanonin suka kafa wa kansu hukumar tacewa. Mujallar da ba ta da hatimin hukumar a bangonta, a lokacin yawancin dillalai ba sa ko taɓa ta.

Matasan ƙarshen shekarun 1960 ne suka fara yi wa wannan tsari tawaye. Robert Crumb ya fitar da Zap Comix a San Francisco a 1968, ba hatimi, ba mai tace masa, kuma abin da ya zana nasa ne. Guguwar ba ta daɗe ba, amma ta bar al'ada: mutum ɗaya ya rubuta ya zana, haƙƙin mallaka ya zauna a hannunsa, kuma ba batun da aka ce ba a taɓawa.

Abin da ya mayar da wannan al'ada sana'a shi ne sauyin hanyar sayarwa. A da, mai teburin jarida kan karɓi mujallu ne a kan in sun yi kwantai ya mayar, asarar ta koma kan kamfani, don haka sai mai babban jari ke iya shiga harkar. A farkon shekarun 1970 wani malamin makaranta a New York, Phil Seuling, ya shawo kan kamfanonin su riƙa sayar wa shagunan da ba su da haja sai labaran zane, da ragi mai tsoka, bisa sharaɗin an saya an saya, ba mayarwa. Mai shago na aiko da odarsa wata biyu ko uku kafin bugu. Ke nan mai ɗab'i ya san adadin da zai buga tun kafin ya kai aiki maɗaba'a, kuma ƙaramin kamfani na iya fitar da kwafi dubu uku na baƙi da fari bai karye ba. A wannan yanayi ne kamfanin ɗab'i na Fantagraphics, wanda Gary Groth da Mike Catron suka kafa a 1976, ya samu gindin zama. Art Spiegelman da Françoise Mouly suka fara mujallar RAW a 1980, Drawn & Quarterly kuma ya taso a Montreal ta Kanada a 1990.

Sai dai tsarin na da ƙaya. Tunda asara a wuyan mai shago take, ba ya yin oda da yawa daga hannun wanda bai sani ba. Ya kuma riga ya aika da odar fitowa ta biyu da ta uku kafin ya ga yadda ta farko ta sayu, saboda haka bisa al'ada sai ya rage. Dogon labari da ake fitarwa kashi-kashi yana rasa masu saye a hanya, kuma wanda bai samu kashi na uku ba da wuya ya sayi na huɗu. Wanda ya san yadda marubutan littattafan soyayya na Kano suka riƙa fitar da labari littafi na ɗaya, na biyu, na uku, cinikin wannan ya biya bugun wancan, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Ga lissafin a sauƙaƙe. A ɗauka mujalla dala 3 ce, an sayar da kwafi 3,000, kason mai zane kuma 10 cikin 100 na farashin bango. Dala 900 ke nan a kan shafi 24 zuwa 32 da suka ci masa wata uku. Kusan rabin kuɗin na mai shago ne, dillali ya ɗauki nasa, maɗaba'a ta ɗauki nata. Shi ya sa kusan kowane mai zanen wannan layi ke da wata sana'ar a gefe: zanen talla, bangon faifai, koyarwa, ko aikin ofis.

Daga Malta zuwa Barlin

An haifi Sacco ranar 2 ga Oktoba 1960 a Malta, tsibirin da ke tekun Bahar Rum tsakanin Sisili da Libiya. Yana jariri iyayensa suka ƙaura zuwa Melbourne ta Ostireliya, a 1972 suka koma Amurka, Los Angeles da farko, daga baya yankin Portland. Ya karanta aikin jarida a Jami'ar Oregon, ya gama a 1981. Aikin da ya samu bai yi kama da abin da ya karanta ba, har da zama a mujallar ƙungiyar masu shaida takardu. A 1983 ya koma Malta ya riƙa zana labaran soyayya da harshen tsibirin. Da ya dawo Amurka ya kafa wata mujallar barkwanci ta kyauta, Portland Permanent Press, a 1985, wadda ba ta kai shekara biyu ba ta mutu. Daga nan Fantagraphics ya ɗauke shi rubuta labarai a mujallarsa The Comics Journal, kuma kamfanin ne ya buga masa Yahoo, fitowa shida tsakanin 1988 da 1992.

Yahoo tarkace ce ta saurayi mai neman hanya. Akwai labarin yadda ya bi wata ƙungiyar mawaƙa yawon Turai yana sayar musu da riguna, akwai zamansa a Barlin yana zana fastoci da bangon faifai don ya ci abinci. Amma a cikinta ne abin da zai zama aikinsa ya fara leƙowa. Ya zana labarin mahaifiyarsa a Malta lokacin da jiragen Italiya da Jamus ke yi wa tsibirin ruwan bama-bamai a Yaƙin Duniya na Biyu, ya kuma zana yadda Yaƙin Gulf na 1991 ya mayar da shi mayen talabijin.

Batun Falasɗinu kuwa, ya sha faɗa cewa ya taso a Amurka yana jin kalmar Bafalasɗine tare da ta'addanci kamar tagwaye, kuma mamayar Lebanon da kisan Falasɗinawa a Sabra da Shatila na birnin Beirut a 1982 ne suka fara sa shi tambaya. Karatun littattafan Edward Said, masani Bafalasɗine, da Noam Chomsky, masani Ba'amurke, ya ƙarasa. Haushinsa ya fi yawa a kan aikin jaridar da aka koya masa, wanda kowace jimlarsa gaskiya ce amma jimillarsa ta bar shi a duhu.

Wata biyu, fitowa tara

A ƙarshen 1991 zuwa farkon 1992, Intifada ta farko, wato boren Falasɗinawa, na lafawa, ya shiga ta Alƙahira ya yi wata biyu tsakanin Ƙudus, garuruwan Yammacin Kogin Jordan da Gaza. Ba jaridar da ta aike shi, ba wanda ya ba shi ko sisi. Yana kwana a masaukin masu ƙaramin ƙarfi, ya shiga tasi ya sauka a gari, wani ya ja shi gida, a kawo shayi, mutane su taru ana ba shi labari. Abin da ya tara ya zama Palestine, fitowa tara daga 1993 zuwa 1995. Ciniki ya yi ta raguwa daga fitowa zuwa fitowa, daidai yadda tsarin kasuwar ya gada. Da aka haɗa su a kundi biyu ya samu lambar American Book Award a 1996, amma littafin bai kama kasuwa ba sai 2001, da aka buga shi a kundi ɗaya da gabatarwar Edward Said, ya shiga kantunan littattafai na kowa da kowa. Abin da aka zana bai canja ba. Siffar hajar da ƙofar da ta bi ne suka canja.

Fitowar farko-farko na ɗauke da hannun Crumb ƙarara: manyan haƙora, leɓuna, hanci, fuskoki a murɗe. An soke shi cewa ya muzanta Larabawa da Yahudawa baki ɗaya, kuma ya karɓi sukar. Wanda ya jera fitowa ta ɗaya da ta tara zai ga yadda ya tilasta wa hannunsa komawa zana mutane yadda suke. Fuska ɗaya ce bai gyara ba, tasa. Har yau yana zana kansa da manyan leɓuna da tabarau farare fat, ba a ganin idanunsa, yawanci a matsayin mai kwaɗayin labari, ko matsoraci, ko baƙon da ya ci ya ƙoshi a gidan talaka.

Shafukan da suka nuna abin da wannan hanya ke iyawa su ne na wani magidanci da littafin ya kira Ghassan, wanda aka kama cikin dare a gidansa. A 1987 wani kwamitin bincike na Isra'ila, kwamitin Landau, ya halatta wa jami'an tsaro abin da ya kira matsi na jiki matsakaici a wajen tambayoyi, kuma sai a 1999 Kotun Ƙolin ƙasar ta haramta hanyoyin. An rufe wa Ghassan kai da buhu mai wari, an ɗaure shi a kan ƙaramar kujera, an hana shi barci, alƙali na ta ƙara wa'adin tsarewa ba hujja. Sacco ya fara labarin da manyan akwatuna kaɗan a shafi. Kwanaki na tafiya, akwatunan na ƙaruwa suna ƙanƙancewa, shida, tara, sha biyu, har ashirin a shafi guda, kewayensu baƙi ƙirin. Mai karatu na jin ɗakin na matse shi ba tare da an ce masa komai ba. Da aka sake shi sai shafin ya buɗe a kan titin Ƙudus da rana, mutane na harkokinsu. Kyamara ba ta shiga wannan ɗaki ba, kuma da ta shiga ma ba za ta iya ɗaukar tsawon kwanakin ba.

Yadda ake yin shafi

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne ba ya cika yin zane a fagen aiki. A can ɗan jarida ne kamar kowa: littafin rubutu, rakoda, kyamara. Sai a wurin da ɗaga kyamara ke iya jawo harbi, kamar shingen sojoji, yake zayyana abu da sauri. Da dare ya rubuta abin da ya gani a ranar. Tambayoyinsa ne suka bambanta. Bayan ya ji abin da ya faru, sai ya koma kan abin da ɗan jarida mai rubutu ba ya tambaya: ƙofar ta wane ɓangare take, katangar ta kai ina, me kake sanye da shi, mutum nawa ne a ɗakin, a zaune suke ko a tsaye. In wurin na nan, ya sa a kai shi ya taka da ƙafarsa ya ɗauki hoto.

Shi da kansa ya ba da misalin dalilin a gabatarwar kundinsa Journalism na 2012. Marubuci na iya cewa ayarin motocin Majalisar Ɗinkin Duniya ya wuce, ya ci gaba da labarinsa. Mai zane dole ya san wace irin mota ce, kakin sojojin wane iri ne, hanyar kwalta ce ko burji, duwatsun da ke bayanta yaya suke. Duk abin da bai bincika ba, sai ya ƙirƙira, kuma abin da ya ƙirƙira zai zauna a shafi da kamannin gaskiya.

Idan ya koma gida sai ya kwafe hirarrakin duka a rubuce, ya yi musu fihirisa ta batu da ta suna, sannan ya rubuta labarin daga farko har ƙarshe kafin ya zana komai. Wannan kaɗai kan ci watanni. Bayan nan ne shekarun zane ke farawa. Masu zane da yawa kan fara sa rubutu a shafi kafin hoto, domin wanda ya cika shafi da zane sannan ya nemi wurin magana zai rufe fuskar mai maganar. Sai fensir, sai baƙar tawada da alƙalami mai bakin ƙarfe a kan takarda mai kauri da santsi, a bar ta ta bushe sarai kafin a goge fensirin, in ba haka ba ta jirwaye. Kuskure kuma da farin fenti ake rufe shi.

Sacco ba ya amfani da launi a yawancin littattafansa. Duhu da haske, laka, hayaƙi, tsohuwar riga, duk da saƙar layuka yake fitar da su, layi a kan layi, dubbai a shafi guda. Nan ne lokacin ke tafiya, nan ne kuma aiki ke lalacewa a hannun wanda bai ƙware ba. Ana zana shafi ya fi girman da za a buga. Ma'aunin da aka saba a Amurka takarda ce mai inci 11 da 17, a rage ta zuwa kusan biyu bisa uku. Ragewar na matso da layukan kusa da juna, tawadar maɗaba'a kuma na bazuwa a kan takarda mai araha, to in saƙar ta yi matsi da yawa sai ta toshe ta zama baƙin tabo, in layin ya yi siriri da yawa sai ya ɓace. Wajen ɗaukar zanen zuwa kwamfuta ma akwai tarko. Irin wannan aiki ana ɗaukarsa ne a baƙi da fari zalla, ɗigo 1,200 a kowane inci. In aka ɗauka da launin toka, na'urar bugu za ta farfasa layukan zuwa ɗige-ɗige, gefensu ya yi gashi-gashi.

Gorazde

Daga ƙarshen 1995 zuwa farkon 1996 ya shiga Gorazde sau huɗu, garin Musulmin Bosniya da ke bakin kogin Drina, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana a matsayin tudun mun tsira a 1993 amma sojojin Sabiyawa suka ci gaba da yi masa ƙawanya. Srebrenica, mai irin wannan matsayi, ta faɗi a Yulin 1995. Sacco na shiga ne da ayarin motocin agaji ta hanya guda da aka buɗe daga Sarayebo. Manyan 'yan jarida kan zo da safe su ɗauki hoton yara su koma kafin dare. Shi da ba editan da ke jiransa sai ya zauna a gidan wani matashin malami, Edin, ya ci abincin gidan, ya yi hira da dare.

Zaman ne ya ba shi abubuwan da rahoton yini ɗaya ba ya gani. A ƙarƙashin gadar garin mutane sun ɗaura injunan wuta na gargajiya a kan ruwa, fanka ta katako da tarkacen motoci da na injin wanki, ruwan kogi na juya su, waya ta taso zuwa gidaje don a kunna ƙwai ɗaya ko talabijin. 'Yan mata na ba shi kuɗi ya sayo musu wandon Levi's na ainihi daga Sarayebo. Ya kuma yi wata dabara mai sauƙi: shafukan da ke ba da labarin yaƙin da ya wuce gefensu baƙi ne, na lokacin da yake garin fari, don mai karatu ya san inda shaidar idon Sacco ta tsaya da inda ta wasu ta fara. Safe Area Goražde ya fito a 2000, ya ci lambar Eisner ta labaran zane a 2001, shekarar da ya samu tallafin gidauniyar Guggenheim. Daga nan ne kuɗi suka fara isarsa. Mujallu irin su Time da Harper's da jaridar Guardian suka riƙa aikensa Hebron da Iraƙi, babban kamfanin ɗab'i ya fara ba shi kuɗin kafin alƙalami, fassara zuwa harsuna da dama ta ƙara.

A 2003 ya fitar da The Fixer, a kan Neven, tsohon mayaƙin Sarayebo da ke yi wa 'yan jaridar waje jagora don kuɗi. Littafin gaba ɗaya a kan tambaya ɗaya yake, wadda gidajen jarida ba sa son a yi a bainar jama'a: nawa ne daga labarin da wakili ke aikowa ya fito daga bakin tafintan da ya biya, kuma yaya ake sanin ba ƙarya aka sayar masa ba?

Gaza ta 1956

Footnotes in Gaza daga almakashin edita ya samo asali. A 2001 Harper's ta aike shi Khan Yunis tare da ɗan jarida Chris Hedges. Sun sa sakin layi a kan wani kisa da aka yi a garin a 1956, edita ya cire. Sacco ya koma Gaza sau biyu tsakanin Nuwamban 2002 da Maris 2003 don bin diddigin abin da aka cire.

Lokacin rikicin mashigin Suez, sojojin Isra'ila sun mamaye Gaza, wadda ke hannun Masar a lokacin. Rahoton hukumar kula da 'yan gudun hijirar Falasɗinu ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce an kashe mutum 275 a Khan Yunis ranar 3 ga Nuwamba 1956, da 111 a Rafah ranar 12 ga watan. Rahoton ya kawo bayani biyu masu karo da juna: hukumomin Isra'ila sun ce an yi musu turjiya, 'yan gudun hijira sun ce an daina faɗa kafin a fara harbin mazajen da ba su da makami. Sacco da ɗan jagorarsa Abed suka shiga gida-gida neman tsofaffin da suka gani. Ya ɗauki masu bincike 'yan Isra'ila su duba masa ma'ajiyar takardu, ya yi hira da Mordechai Bar-On, wanda shi ne shugaban ofishin Moshe Dayan, babban hafsan sojojin Isra'ila, a lokacin. Siffar sansanonin a shekarun 1950 kuwa daga tsofaffin hotunan hukumar ya ɗauko.

Matsalar ita ce shekara kusan hamsin sun wuce. Tsofaffi na cakuɗa 1956 da 1948 da 1967, domin duk sojoji ne, duk gudu ne. Wani ya ba da labarin da ya ji kamar shi ya gani. Matasa kuma na tambayarsa me ya dame shi da 1956 alhali yau ma ana rushe gidajensu. Yana Rafah aka kashe 'yar gwagwarmayar Amurka Rachel Corrie da motar rusau ranar 16 ga Maris 2003. Hanyar da ya bi ita ce tara shaidu da yawa a kan kowane mataki na ranar Rafah, daga shelar lasifika cewa maza su taru a makaranta, zuwa gudu a kan titi hannu sama, zuwa ƙofar makarantar inda ake dukansu da kulake suna tsallake waya mai ƙaya. Inda bakin shaidu ya zo ɗaya sai ya jera fuskokinsu da sunayensu. Inda suka saɓa sai ya nuna saɓanin. Akwai babi guda a kan wasu 'yan'uwa da aka harbe a Khan Yunis, inda wanda ya tsira ke ba da labarin mutuwar ɗan'uwansa dalla-dalla, wasu 'yan gidan kuma suka ce ba ya wurin a lokacin. Sacco bai ɓoye wannan ba, bai kuma zaɓi ɗaya ya jefar da ɗaya ba.

An soke shi ta fuska biyu. Ta farko, cewa ya karkata ga Falasɗinawa, kuma a Isra'ila akwai masana tarihin soja da suka ce an yi ƙari a labarin. Karkatar bai taɓa musunta ta ba. Hujjarsa ita ce ɓangaren Isra'ila ba ya rasa mai faɗa a jaridun Amurka, kuma ya fi gaskiya mutum ya nuna inda ya tsaya da ya yi kamar ba shi da ƙafa. Suka ta biyu ce ta fi nauyi, ba a kuma cika yin ta ba. Zane ba shi da "wai". Abin da mutum goma suka tabbatar da abin da tsoho ɗaya ya tuna da ƙyar, duk da tawada iri ɗaya suke fitowa, da kaifi iri ɗaya, kuma hoton ne ke zama a ƙwaƙwalwar mai karatu bayan ya manta da gargaɗin da ke gefensa. Dabarun Sacco sun rage wannan haɗari, ba su kawar da shi ba. A ɗaya ɓangaren, zane na da wata kariya da kyamara ba ta da ita: mai ba da shaida da ake nema ruwa a jallo ana iya canja masa fuska da suna, ya kasance mutum mai ido da baki a shafi, ba dusasshen hoto ba.

Bayan Gaza

A 2010 aka buga rahoton da ya koma Malta ya zana a kan 'yan Afirka da ke tsallaka Sahara su bi ta Libiya su faɗa teku, waɗanda a lokacin tsibirin ke iya tsarewa har wata 18. Ya saurari baƙin, ya kuma saurari 'yan ƙasarsa masu jin an mamaye su, bai yi wa nasa kara ba. A 2012 shi da Hedges suka fitar da littafi a kan yankunan talauci na Amurka. A 2013 ya yi abin da ba wanda ya zata: The Great War, zane ɗaya mai tsawon mita bakwai da ɗoriya da ake naɗewa, ba kalma ko ɗaya a jikinsa, a kan ranar farko ta yaƙin Somme, 1 ga Yuli 1916, ranar da Birtaniya ta rasa sojoji fiye da 19,000. Paying the Land na 2020 a kan al'ummar Dene ne ta arewacin Kanada: yarjejeniyoyin 1899 da 1921 da gwamnati ta ɗauka a matsayin sallama ƙasa a kan dala biyar ga kowane mutum a shekara, makarantun kwana da aka raba yara da iyayensu da harshensu, da rabuwar kan al'umma a kan haƙar mai da gas. A 2025 littafinsa a kan rikicin Muzaffarnagar na 2013 tsakanin Hindu da Musulmi a jihar Uttar Pradesh ta Indiya ya fito.

Bayan 7 ga Oktoba 2023 kwafin Palestine ya ƙare a kasuwa, Fantagraphics ya sake bugawa. Daga Janairun 2024 Sacco ya fara sakin gajerun shafuka a shafin intanet na The Comics Journal, waɗanda aka tara a ɗan littafi mai shafi 32, War on Gaza. Wannan ba rahoto ba ne, zambo ne da fushi, kuma ya fi kama da aikinsa na ƙuruciya. Isra'ila ta hana 'yan jaridar waje shiga Gaza su kaɗai, don haka babu hira a ɗakin kowa, babu taka wuri da ƙafa, babu tambayar ta ina ƙofa take. Abin da ya rage masa ya zana shi ne shugabannin Amurka da na Isra'ila, da kuɗin harajinsa da ke sayen bama-baman.